Gida biyu maganin gobara

'Yan uwa ɗalibai, musamman 'yan ajin ƙarshe. Ku ɗan tsaya ku karanta wannan kafin abin da ya same mu ya same ku.

Mu huɗu ne a Lafiya muke furojet da ke buƙatar sabar. Ba mai kuɗin sayen tasa, sai muka yi karo-karo muka sayi tsohuwar kwamfutar tebur mai RAM 16. Muka ɗora mata VirtualBox, muka yanka ta gida huɗu, kowa da ɗakinsa kamar gidan haya. Dabarar ma ba sabuwa ba ce: tun a 1972 IBM ya fito da VM/370, kuma yawancin sabar da ake haya a intanet yau ɗaki ne a cikin babbar na'urar wani.

Gaskiya mun ji daɗinta. Soket ɗaya, ƙaramin janareta ya ishe mu. Ran da wani ya kwaso bairos, ɗakinsa kawai aka share, sauranmu ko a jikinmu. Har dariya muke wa wasu 'yan ajinmu masu ƙananan na'urori uku, kullum suna fama da wayoyi da kuɗin fetur.

Saura sati biyu difens, na tafi gida Adogi ranar Juma'a. Cikin dare aka kira ni: an kawo wuta da ƙarfi, had-dis ya ƙone. Ɗakuna huɗu, amma rufi ɗaya. Duk sun tafi tare.

Da safe Baba ya gan ni zugum, ya ce, "Kai, lafiya?" Na yi masa bayani iya yadda zai gane. Sai ya nuna min rumbunanmu ya ce, "Ka taɓa tambayar kanka me ya sa ban gina ƙato guda ɗaya na raba cikinsa ba? Ai ya fi arha. Amma gara ko wuta in ta shiga, ba ruwanta da bangon ciki."

Wallahi abin da na kasa fahimta a lakca ke nan. Yanka sabar yana kare ka daga maƙwabcinka, ba ya kare ka daga faɗuwar gidan. Ƙananan sabobi kuwa sun fi cin kuɗi da wahalar kula, amma in ɗaya ta mutu sauran na numfashi.

Ni Allah Ya taimake ni, na kwafi nawa a filashi don in yi aiki a gida. Mutum biyu sun tsinci tsohon kwafi a imel. Na huɗunmu aikin wata uku ya rasa, sai da muka yi kwana goma muna raba dare muna taya shi.

Har gobe zan yanka sabar, talaka ba shi da zaɓi. Amma kwafi zai kwana a wani gidan daban. Kai da ke karantawa, ina kwafin furojet ɗinka yake a daren nan?