Kafin a Ce Madabod Ta Ƙone

To jama'a, tunda yau mu ya mu ne, a ƙaro shayi in faɗa muku abin da ba kowane mai gyara zai so ku sani ba. Alhaji, ka ce kwamfutar ɗakinka ta daina shiga intanet, alhali yara na can suna kallon bidiyo a wayoyinsu da rauta ɗaya. To ai yaran sun riga sun wanke kamfanin intanet. Matsalar tana tsakanin rautar da kwamfutarka, kuma babu komai a tsakaninsu sai kebul guda da ramuka biyu.

Don Allah kada ka bari a yi maka formatin tukuna. Leƙa bayan kwamfutar, daidai inda kebul ɗin ya shiga, za ka ga 'yar fitila koriya ko ruwan ɗorawa. In tana ƙiftawa, na'urorin biyu sun gaisa. In ta mutu, galibi laifin kebul ne ko ramin, kuma sake zuba Windows ba ya ɗinke wayar da ɓera ya ci.

Kebul ɗin nan da kuke rainawa, siraran wayoyi takwas ne a cikinsa, an murɗe su bibbiyu. Huɗu sun isa su ɗauki megabit 100, amma gigabit sai takwas ɗin sun cika. Shi ya sa wanda murfin ƙofa ya matse kan yi mugun hali: bai mutu ba, bai yi rai ba, sai ka ga Windows ta rubuta 100 inda ta saba rubuta 1000, kai kuma kana ta tsine wa netiwok. Sannan ga ɗan harshen robar nan na bakin kebul. Da zarar ya karye, kan zai riƙa zamewa ko da tsintsiya ce ta taɓa shi. Malam, na ga kana dariya, na san naka da tsinken ashana ka tokare shi. In za ku sayi sabo, ku nemi Cat5e ko Cat6 na jan ƙarfe zalla. Mai arahar nan alminiyam ne aka yi wa fatar jan ƙarfe, saurin karyewa gare shi. Kuma kada tsawonsa ya wuce mita 100.

In fitila na ci amma shiru, buɗe cmd ka rubuta ipconfig. Lambar da ta fara da 192.168 ita aka saba gani a gida. In ka ga 169.254, kwamfutar ta roƙi rauta adireshi ba a kula ta ba, sai ta raɗa wa kanta. Kashe rautar ka kunna, ka mayar da kebul ɗin wani ramin.

Alhaji, yaushe ma abin ya fara? Daren da aka yi tsawar nan? To, magana ta fito. Muna cire filogi in hadari ya haɗo, mu bar kebul a maƙale, ta nan kuwa wutar kan biyo ta kashe ramin kaɗai, ta bar sauran kwamfutar garau. A nan ne wani zai ce maka madabod ta ƙone, ya yanka maka kuɗi. Ka fara aron laftof ɗin Malam ka gwada kebul ɗin a kanta. In ya yi aiki, nemi 'yar adaftar USB mai ramin kebul, ka soka ta a bayan kwamfutar, ka bar mataccen ramin da ƙurarsa.