Ƙwarewa Iri Biyu

A aji na fara jin kalmar "haɗiyau". Malamin ilimin furuci ya sa muka ɗora yatsa a maƙogwaro, muka furta ɓ da ɗ, muka ji maƙwallato yana sauka. Muka furta ƙ da ts, waɗanda ake kira tunkuɗau, muka ji yana hawa. Na rubuta, na ci jarrabawa, na manta. Ban san darasin yana jira na a gida, a Tsauni, ba.

Da hutun damina kakana ya tashi da asuba bakinsa a karkace, hannun dama ya ƙi motsi. Kafin a samo mota zuwa Matamaye, gida ya cika da masu jaje. Gwaggo ta ɗauko ludayi tana ɗura masa ruwa yana kwance rigingine. Ya yi tari, idanunsa suka kawo ƙwalla. Ta ce, "Daure ka sha, Baba, ciki da abu ya fi." Ni ne na tallafe masa kai. Wannan ne abin da har yau yake ci mini rai.

Sai da muka kai Damagaram, zazzaɓi ya riga ya rufe shi, wani ma'aikacin jinya ya hana a ba shi komai ta baki. Ya zaunar da shi tsaf, ya tabbatar yana farke, ya sa ya haɗiyi yawu, ya sa ya yi tari da gangan. Sa'an nan ya ba shi ruwa cikin ƙaramin cokali, yatsunsa a kan maƙogwaron tsohon, ya ce, "Baba, ce aaa." Muryar ta fito a jiƙe, tana gurgura kamar tulun da ake cikawa. Nan take ya ajiye cokalin. Aka zura siririn bututu ta hanci, ta nan abinci ya riƙa shiga.

Daga baya na fahimci dalili. Leɓɓa, harshe, hanɗa da maƙwallato, gaɓoɓin da muke zanawa a allo, su ne dai masu haɗiya. In mutum zai haɗiye, maƙwallato yakan hau, tantaninsa ya rufe, numfashi ya tsaya na ɗan lokaci, abinci ya wuce zuwa ciki. Shanyewar ɓarin jiki kan ɓata wannan tsari ga masu ciwon da yawa a kwanakin farko, sai ruwa ya zarce huhu ya haifar da ciwon huhu. Mafi haɗari shi ne wanda ba ya ko tari, domin jijiyar da za ta sanar da shi ta yi rauni. Shi ya sa ake son a gwada haɗiya kafin a ba da ko da ƙwayar magani. Gwajin GUSS, wanda aka wallafa a 2007 daga ƙasar Ostiriya, yana farawa da abu mai kauri kafin ruwa, domin ruwa tsinkakke ya fi saurin kufce wa maƙogwaro. Mu kuwa a gida mun ɗauka ruwa ne mafi sauƙi.

Bayan makonni kaɗan Kaka ya fara shan kunu mai kauri, cokali ɗaya bayan ɗaya, a zaune. Ni aka bar wa sauraron muryarsa bayan kowace haɗiya, tunda kunnena ya saba da bambance sauti.

Hausa na cewa mutum "ya ƙware" in ya gwanance, tana kuma cewa "ya ƙware" in ruwa ya bi masa ta hanyar iska. A wasu ƙasashe masu gyaran magana ne ke duba matsalar haɗiya, kuma ilimin furuci na cikin tushen karatunsu. Ƴan uwana ɗalibai, a ƙauyukanmu kunnen da ya ƙware yana iya kare tsohon da ya ƙware. Ranar da aka sake yin irin wannan asuba a gidanmu, ni zan fara karɓe ludayin.