Mu 'Yan Gandu

Kakata ba ta taɓa cewa "unguwarmu" ba. "Gandu" take cewa kai tsaye, kamar mai faɗin sunan ubansa. Mu jikokinta da muka shiga boko mu ne muka koyi kwana-kwana. In an tambaye ni a makaranta daga ina nake, sai in ce Karaye, in ja bakina in tsuke. In mai tambayar ɗan gari ne ya matsa, "Karaye wace unguwa?" sai in ce, "Can dai gefen gari," ina roƙon Allah a zuci ya kawo abin da zai ɗauke masa hankali. Ko a nan ba zan kama cikakken sunanta ba, don akwai masu rai da ba su ba ni izinin tona musu asali ba. Wanda ya san ƙasar Karaye da Rogo ai ya riga ya gane.

Lokacin da na yi wayo gidajen ba su kai arba'in ba. Duk ginin ƙasa ne, wasu soro da azara, wasu jinka, sai dangar kara tsakanin maƙwabci da maƙwabci. Akwai tsamiya guda a tsakiya, akwai rijiya a gindinta, ga masallacin da dogon mutum sai ya sunkuya kafin ya shiga. Bayan gidaje kuma kududdufi ne, inda aka haƙi ƙasar da aka gina mu da ita kaf. Da damina mu yi iyo a ciki, da rani a buga tubali a bakinsa.

Sai da na girma na san abin da sunan ke ɗauke da shi. Bayan jihadi sarakuna da masu sarauta da attajiran ƙasar Kano sun kafa gandaye da rinjoji, suka zuba bayi suna yi musu noma. Wanda ya san birni ya san Gandun Albasa, ya san Ɗorayi da Fanisau. Namu ƙarami ne, ba ya cikin waɗanda ake ambata a littattafan tarihi, amma tsarin ɗaya ne: a fita gonar ubangida da safe ƙarƙashin sarkin gandu, sai rana ta karya sannan kowa ya nufi 'yar gayaunarsa. Kakata ta ce uwarta tana yarinya aka kawo ta daga kudu, kuma har ta koma ga Allah ba ta iya tuna sunan garinsu ba. Kalma ɗaya tak ta rage mata ta harshen iyayenta, wadda take kiran ruwa da ita in zazzaɓi ya rufe ta. Kakata ta faɗa mini kalmar. Ban rubuta ba, na kuma manta. Cikin duk asarar da na yi a duniya, wannan na cikin masu ci mini rai.

Turawa sun ci Kano a 1903. Dokarsu ta ce duk wanda aka haifa bayan ƙarshen Maris na 1901 ɗa ne, sannan a 1936 aka soke bauta ɗungurungum a Arewa. Kakata ke nan a takarda 'ya aka haife ta. Ubanta kuwa sai da ya yi shekaru yana biyan murgu, yana saƙa yana kai wa kasuwa, kafin ya fanshi kansa. Da wannan take alfahari. "Maigidana," haka take kirana, "mu ba wanda ya ba mu kanmu kyauta. Saye muka yi."

Kada mai karatu ya ɗauka cikin baƙin ciki muka tashi. Wallahi a'a. Ban taɓa zama wurin da ake gayya kamar can ba. In jinkar wani ta ruɓe, kafin azahar an ɗora sabuwa, mata sun dama fura, makaɗi ya ci nasa rabon. Da kaka a tsinci auduga, a roro gyaɗa, samari su ɗaure hannu su tafi dambe ƙauyukan kewaye. Innata mutuniyar wajen Rogo ce, kusa da iyakar ƙasar Zazzau, inda rake ke da arha. In ta kai mu ganin gida, aikina ke nan in tsaya ina kallon doki yana zagaye yana juya injin matse rake, ruwan na gangarawa, ana dafa shi har ya zama mazarƙwaila. Mu dawo da ƙunshi guda, a rarraba wa kowane gida ɗan gutsure. Gidan da aka tsallake sai an je ban haƙuri.

Raguwar unguwar a kan idona aka yi ta. Farin 1973 ya cinye dabbobi, ciwon gyaɗa na 1975 ya ƙarasa abin da ya rage. Mu da yawancin gonakin da muke nomawa aro ne, ba gado ba, mu muka fara jin jiki. Ci-rani ya rikiɗe ya zama ƙaura: a tafi Kano ko Kaduna ko Legas da niyyar dawowa da ruwan farko, sai a shekara biyar. Ranar da labari ya zo cewa Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, Babana, tsohon ɗan NEPU da bai taɓa yarda an zagi Malam Aminu Kano a gabansa ba, ya yanka zakara. Amma soke haraji bai dawo da wanda ya tafi ba. Da aka gama dam ɗin Chalawa a 1992, masu gona a bakin ruwa suka shiga noman rani, tumatir da albasa da masara, masunta suka samu abin yi. Mu sai ƙwadago a gonakinsu. Ga dam biyu a ƙasarmu, Kusalla da Chalawa, ga matanmu suna jiran 'yan garuwa, don rijiyar gindin tsamiya ta rufta ba wanda ya yashe ta.

Ni dai makarantar kyauta ta 1976 ce ta ɗauke ni, daga nan kwalejin horon malamai, daga nan aji da alli a Kano. A can na nemi aure na fari. An karɓi kayan na-gani-ina-so, an yi mini fara'a, sannan aka tura mutum Karaye binciken asali. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bayan mako biyu aka dawo da kayan cikin mutunci, aka ce wani ɗan'uwan yarinyar ya fito. Ba wanda ya faɗi kalmar, ni ma ban tambaya ba. Tun daga ranar na ɗauke ƙafa daga gida. Sai in aika da kuɗin Sallah, in ƙi zuwa da kaina. Laifin da wasu suka yi mini, sai na ɗora wa unguwar da ta haife ni.

Rasuwar yayan mahaifina ce ta mayar da ni. Muka ɗauki gawa zuwa maƙabarta, muka tarar awaki na kiwo a kan kaburbura, wani kuma ya ci gefe guda da garma ya shuka gero. Na nemi kabarin kakata na rasa. A wajen zaman makoki ɗan wana, yaron da ke tuƙa a-daidaita-sahu a Kano, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baffa, in ba za ka ji haushi ba, zan yi magana." Na ce ya faɗa. Ya ce, "Ku da kuka yi karatu kun gudu kun bar mana kango. Mu ba mu da ilimi, amma mun gaji da jin kunya. In mun fara, za ka sa hannu?" Ban taɓa jin yaro ya wanke ni tas cikin ladabi irin na ranar ba.

Abin da suka fara da shi littafin rubutu ne na 'yan firamare. Suka bi gida-gida suna rubuta sunan duk wanda aka yanke wa cibiya a unguwar, yana nan ko yana Sabon Garin Zariya. Suka buɗe zaure a WhatsApp, aka yanka wa kowa abin da zai riƙa bayarwa duk wata, mai ƙarfi da ƙarfinsa. Wanda ba shi da kuɗi ranar aiki ya zo da cebur. Maƙabarta aka fara katangewa, da tubalin kududdufinmu, don kuɗin bulo bai taru ba. Sannan aka yashe rijiya aka ɗaure bakinta da siminti. Aka shekara biyu ana tari kafin a haƙa burtsatse, aka ɗora tanki, aka sa masa sola. Daga baya aka yi kwalbati a mashigar unguwa inda ruwa ke yanke mu duk watan Agusta, aka rufa wa islamiyya kwano, 'yan sakandare suka fara koyar da ƙannensu da yamma.

In aka zo ba da labarin nan a zaure, maza ne ke karɓe bakin magana, don haka bari in faɗi abin da na gani a littafin da idona. Kuɗin mata ya fi na maza zuwa a kan lokaci. Adashi suka kafa, duk zagaye na kaza a ware kwasa guda a ce ta unguwa ce. Masu ƙuli-ƙuli da masu awara da masu daddawa su suka sayi bututun farko. Dalilinsu a fili yake: su ne ke ɗaukar tulu.

Ba kuma lami lafiya aka yi ba. Ma'ajin farko ya taɓa kuɗin, ya ce rance ya ɗauka don jinyar matarsa, wataƙila ma gaskiya ne. An kusa watsewa. Abin da ya ceci tafiyar shi ne dokar da aka kafa bayan nan: duk Juma'ar ƙarshen wata, bayan la'asar, a karanta shiga da fita a ƙofar masallaci da babbar murya, har kuɗin ƙusa. Wani mai neman kujera ya taɓa zuwa zai ba da tanki na biyu, da sharaɗin a rubuta sunansa a jiki. Aka yi ta ja-in-ja har dare. Ni ina cikin masu cewa a karɓa, ruwa ai ruwa ne. Yaran suka ƙi, kuma yau na san sun fi ni hangen nesa, don da an karɓa da rabin masu ba da kuɗin wata sun janye, sun ce ai an samu uban gida.

A watan Mayun 2019 Gwamna Abdullahi Ganduje ya sa hannu a dokar da ta ƙirƙiro masarautun Bichi da Rano da Gaya da Karaye. Garin ya cika da baƙi da jiniya, filaye suka yi tsada, dillalai suka fara leƙo unguwar da a da ko hanya ba ta biyo da su. Kangon da aka yi shekara ashirin ba a waiwaya ba sai ga magada sun tuna da shi. Nan muka farga cewa yawancinmu ba mu da ko ƙyallen takarda a kan gidajen da kakanninmu suka mutu a ciki. Aka yi ayari aka je wurin mai unguwa da dagaci, aka rubuta iyakar kowane gida da shaidu. Aka kuma yi alkawari, na baki ne ba na kotu ba, cewa mai son sayarwa ya fara yi wa 'yan unguwa tayi. Wasu sun cika, wasu kuɗi ya fi ƙarfinsu. A 2024 aka rushe masarautun, sannan aka dawo da ta Karaye a daraja ta biyu da ƙananan hukumomin Karaye da Rogo. Dillalai suka ɗan ja da baya, muka samu muka numfasa.

'Yata ce ta nuna mini a wayarta wata unguwa a birnin Mobile na jihar Alabama a Amurka, wai ita Africatown. Waɗanda jirgin ruwan Clotilda ya kwaso daga gaɓar Dahomey a 1860 su suka kafa ta bayan sun sami 'yanci. Ita ma ta lalace, masana'antu suka kewaye ta, mutane suka watse, sai jikoki suka tashi. A 2019 aka gano ɓaraguzan jirgin a cikin kogi, a 2023 suka buɗe gidan tarihi. Na daɗe ina kallon tsofaffin nan suna faɗin sunayen kakanninsu ba tare da sun sunkuyar da kai ba. Sai dai tasu daban, tamu daban. Su launin fata ya raba su da masu sayensu, ba yadda za a yi a ɓoye, don haka suka rungumi abin. Mu kuwa da jikan mai gandu da jikan bawan gandu kamarmu ɗaya, harshenmu ɗaya, sahu ɗaya muke bi a masallaci. Ɓuya tana da sauƙi a wurinmu, shi ya sa muka shekara ɗari muna yin ta.

Wannan ɓuyar ce ta kawo rigimar da muke ciki yanzu. An yanke shawarar kafa allo a mashigar unguwa, aka sayi ƙarfe, aka kai wa mai walda, aka shafa koren fenti. Da aka zo kan abin da za a rubuta sai zaure ya rabu biyu. Na zaci tsofaffi ne za su riƙe tsohon suna, yara su nemi sabo. Ashe akasin haka ne. Samari suka ce a rubuta shi da manyan baƙaƙe, wanda zai ƙi ba su aure ya ƙi tun daga bakin kwalbati. Wata gwaggona da ta haura tamanin ta aiko daga cikin gida a faɗa wa taro cewa ita ta sha wannan suna tun tana talla, ba ta son jikokinta mata su gaje shi, a sa wa wurin ko wane suna ne ban da shi. Aka juyo gare ni, wai ni ne malami. Na tuna kakata da ke faɗinsa ba ko gezau, na tuna kayan da aka dawo mini da su a cikin kwalla. Na ce a ba ni lokaci.

Allon yana nan jingine a zauren masallaci wata na bakwai ke nan, yara har sun fara koyon rubutu a jikinsa da gawayi. An ɗage maganar zuwa bayan Babbar Sallah, lokacin da 'yan ci-rani ke gida. Jiya ɗan wana ya kira ni, na ɗauka ra'ayina zai tambaya. Ashe tuni zai yi mini: ana bi na kuɗin wata biyu, kuma ranar Juma'a za a karanta sunaye.