Wasiƙa Daga Ƙiru: Dirakula da Masu Sayar da Gurbin Aiki

Ƙiru,
Jihar Kano.

Aminina,

Ya hidima, ya su Inna? Mu nan lafiya lau, an fara karyar masara, kasuwar Kwanar Ɗangora kuwa ba masaka tsinke.

Ka tambayi labarin aiki. Mutumina, shiru kake ji, malam ya ci shirwa. Tun da na gama bautar ƙasa nake yawo da kwalin digiri, ko'ina sai a ce "za mu neme ka". Kwanan baya wani ya kira ni, wai akwai gurbi a wata ma'aikata, amma sai an saya. Kuɗin da ya yanka min, sai dai a ɗaga gonar Baba.

Zaman kashe wando ya sa na koma kallon tsofaffin finafinan masu shan jini a waya, irin marasa kalar nan. Na fara da Dirakula na 1931, wanda Bela Lugosi ya fito a ciki. Kowa shi yake kallo, ni kuwa Renfield ne ya tsaya min a rai. Lauya ne matashi, ya tafi Taransilbaniya kai takardun hayar gida. Mutanen ƙauye suka roƙe shi kada ya ƙarasa, ya ce aiki ne ya kawo shi. Da ya dawo ya zama bawan Dirakula, ya zautu, yana cafke ƙudaje da gizo-gizo yana ci, maigidan yana yi masa romon baka da alƙawarin ɓeraye dubbai. Ƙarshenta shi maigidan ne ya shaƙe shi, ya wurgo shi daga matattakala.

Sai Nosferatu, na Jamus, na 1922. Nan ma ma'aikaci ne, Hutter, maigidansa ya kwaɗaita masa kuɗi ya tafi wajen dodo mai shan jini. Dodon ya biyo jirgin ruwa da ɓerayensa, annoba ta auka wa gari. Wa ya biya? Matarsa Ellen, wadda ba ta ji ba ba ta gani ba, ita ta ba da ranta, ta shagaltar da dodon har zakara ya yi cara.

Ga inda nake son jin ta bakinka. A labarin Dirakula, wanda aka ciza shi ma komawa yake mai cizo. To yana da laifi? Tsofaffinmu sun riga sun yi wannan rabon a zancen maita: akwai wanda aka ce ya sha a nono, akwai wanda ya sayi ƙanƙara da kuɗinsa. Na farko abin tausayi ne, na biyu kuwa ya san abin da ya saya. Mai sayen gurbin aiki yana layin na biyu. Ran da ya hau kujera, tunaninsa na farko ya mayar da kuɗin gonarsa, kuma daga jikin talaka zai tsotso su.

Ka tuna 15 ga Maris, 2014, ranar jarrabawar ɗaukar ma'aikatan shige da fice? Kowa ya biya naira 1,000, aka cika filayen wasa maƙil, turmutsitsi ya ci rayukan matasa a Abuja da wasu garuruwa. Matsuwa ce ta kai su, kuma matsuwar nan ita ce jarin masu sayar da gurbi.

Na ce wa mutumin da ya kira ni a kai kasuwa. Ba wai raina bai biya ba, wallahi ya biya, amma yunwa ba ta halatta wa mutum jinin ɗan'uwansa. Bana zan shiga noman rani tare da yayana a wajen Tiga, kafin Allah Ya kawo mafita.

Don Allah in ka ji inda ake ɗauka tsakani da Allah, ka yi min waya ko da tsakar dare ne. Ka kalli finafinan nan biyu, ka rubuto min hukuncinka a kan Renfield. A gaida su Inna da yara.

Wassalam,
Naka amini.