Rariyar Warhol

Na daɗe ina koya wa ɗalibai cewa maimaici ƙarfi ne a adabin baka, domin 'yan amshi kan nanata layi guda har ya zauna daram a zuciyar mai sauraro. Wani hoto da na gani a littafin abokin aikina na sashen zane-zane ne ya jefa mini shakku a kan wannan darasi.

Andy Warhol ne ya yi shi a birnin New York a 1963. Ya samo hoton wani mummunan hatsarin mota, ya buga shi sau 14 a kan ƙyalle mai ruwan lemo, ya jingina wani ƙyallen a gefensa, babu komai a kai sai launin. Dabarar bugun kuwa ta yi kama da tankaɗe. Akan ɗaure siliki a jikin katako kamar rariya, a toshe wasu ƙofofinsa da magani bisa siffar hoton, sannan a ja tawada da faffaɗar roba, ta ratsa ta inda aka bari a buɗe. Rariya guda ta isa a yi bugu ɗari. Da ita ya jera fuskar Marilyn Monroe sau 50 bayan mutuwarta a 1962, rabi da launi, rabi baƙi da fari tana dushewa.

Wasu na cewa Warhol sanƙiran kasuwa ne kawai, mai kambama gwangwani da kwalba. Ni dai ban yarda ba. Da na dubi bugun farko na hatsarin, gabana ya faɗi. A na biyar na koma lura da inda tawada ta yi yawa, da inda ta gaza. Kafin in kai na ƙarshe, ƙirga su kawai nake yi, na manta akwai mutum a cikin motar.

Bayan 'yan makonni, ina cikin bas a Legas, cunkoso ya tsayar da mu daidai inda wani bawan Allah yake kwance a bakin titi, babur ɗinsa a gefe, takalminsa ɗaya can nesa. Muka yi salati ƙasa-ƙasa. Mai tallan ruwa ya ci gaba da cinikinsa, kwandasta na neman canji. Babu wanda ya sauka, har da ni, mai koyar da tausayi a waƙa. Na duba agogo, domin ƙarfe goma nake da aji, kuma darasin ranar a kan amshi ne.