Rariyar Haske a Ƙasar Adar

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wannan karin magana ta dace da ɗan gilashin nan zagayayye da masu ɗaukar hoto ke ɗaurawa a bakin idon kyamara, wanda Faransawa ke kira filtre, da Hausa kuwa a iya ce masa rariyar haske. Aikinsa tace haske kafin ya shiga ciki, ya bar wani ya wuce, ya tare wani. Saboda haka mai saye, kafin ya tambayi kuɗinsa, ya kamata ya san abin da ya yarda ya rasa.

A Madawa akwai wani dattijo mai hoto da ya fara sana'a tun zamanin fim, yana bin bukukuwan aure da suna da filayen kokowa har Buza da Keita. A wancan lokaci yana da gwangwani cike da gilasai masu launi, rawaya da ja, waɗanda ke duhunta sararin sama a hoton baƙi da fari. Da kyamarar dijital ta shigo a shekarun 2000 sai amfaninsu ya ƙare, domin ita da kanta take gyara launi, abin da ya rage kuma kwamfuta ta ƙarasa. Biyu kaɗai ba ya rabuwa da su har yau.

Na farko garau yake kamar ruwa, an rubuta UV a gefensa. An ƙera shi ne don tare wani haske da ido ba ya gani amma yake dusashe fim. Kyamarar dijital tana da tata kariyar a ciki, don haka masana da yawa ke cewa sayensa ɓarnar kuɗi ce. Sai dai ba a Adar suka yi hunturu ba. Daga Nuwamba zuwa Maris iska na kwaso ƙura daga hamada, mai yawa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta haɗa da rairayin gida wanda ƙwayarsa ta fi gilashi tauri. Wanda ya sa bakin riga ya goge idon kyamara a irin wannan rana ya karce jarinsa da hannunsa. Dattijon yakan hura ƙurar da ƴar robar iska, ya bi da burushi mai laushi, sannan ƙyalle. In ma an samu karce, rariyar ce ta ɗauka, ita kuwa ana sake ta.

Amma araha ba ta ado. Gilashin da ba a shafe shi da maganin hana ƙyalli ba yakan haifar da inuwar fitilu a hoton bikin dare, har fuskar amarya ta yi dishi-dishi. Gwajinsa ba wuya: ya karkata gilashin wajen haske, in ya ga ɗan kore ko shuɗi-shuɗi mai rauni, an shafe shi, in ya mayar da haske fari fat kamar taga, ya ajiye wa mai shi. Sannan girma. Kowane idon kyamara yana da lamba kusa da wata alama mai kama da sifiri da aka ratsa, 52 ko 58 ko 67 ko 77, wato faɗin bakinsa da milimita. Tun da yake kayan sai an yi saƙonsu Yamai ko Kano, yakan rubuta wa direba lambar a takarda tare da sunan kamfani, Hoya ko Kenko, don aiken baki ya sha dawo da abin da bai hau ba.

Na biyu shi ne mai kashe ƙyalli, polarisant a Faransanci. Zobe biyu gare shi, ana murza na gaba ana kallo. Yana ɗauke walƙiyar da ke kan ruwa da ganye, ya ƙara wa sama zurfin shuɗi, kuma ya fi aiki in rana na gefen kafaɗar mai ɗauka. Ladarsa ita ce yana cinye fiye da rabin hasken. Wannan aiki kwamfuta ba ta iya maye shi, domin abin da ƙyalli ya rufe bai shiga hoto ba balle a fito da shi. Da shi ne ganyen albasar kwarin Tarka ke fitowa da korensa na gaskiya, haka ma jerin dogon yaro na kwarin Majiya, waɗanda aka fara dasawa a 1975 da taimakon ƙungiyar CARE don karya iska. Amma ranar da hazo ya sauka sosai, ko an murza shi sau ɗari duwatsun Buza ba za su bayyana ba. Hazo ba shi da rariya.

A nan ne zancen ya wuce ciniki. Duniya ta san wannan yanki ta hotunan farin 1984: busassun gonaki da mushen dabbobi. A shekarar nan kuma aka fara babban aikin raya karkara na Keita da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO, inda mata suka ɗauki duwatsu a ka, aka haƙa ramukan tare ruwa, aka dasa miliyoyin itatuwa a kan fako. Tun daga nan masu neman hoto iri biyu ne ke zuwa wurin dattijon. Wani yana son ƙasa ta fito kore shar don rahotonsa ya yi kyau, wani yana son ta fito ƙurmus don a tausaya a ba da taimako. Da murza zobe da zaɓen wata, yana iya gamsar da kowanne, kuma ba wanda zai ce ya yi ƙarya.

Ƙa'idar da ya kafa wa kansa ita ce: in wuri ne na aikin ƙasa, sau biyu yake ɗaukarsa, a Agusta da kuma Afrilu, daga kan dutse ɗaya, da gilashi ɗaya, ya rubuta kwanan wata a bayan kowanne. Ya yarda rariya ta kawar da abin da ya shiga tsakanin ido da abin kallo, bai yarda ta ƙara abin da babu ba. Shi ya sa yake girgiza kai in ya ga samari na latsa waya suna mayar da baƙar amarya fara, su ma suna kiran abin filta.

Jikokin matan da suka ɗauki duwatsun Keita za su so su san yadda tudun garinsu yake kafin a taɓa shi, da yadda ya koma. Gani ya kori ji, in dai wanda ya riga su gani ya riƙe amana.