Kifin da Muke Kawowa Gida a Bokiti



Duk shekara idan ruwan damina ya fara janyewa, fadamun Kalgo da tafkunan Gwandu sukan bar ƙananan kifaye a kududdufai. A lokacin ne yara da yawa suke tsintarsu, su zuba a bokiti ko tsohuwar jarka, su kai gida su ce kiwo suke yi. Mu ma muna son kallon kifi yana yawo a ruwa. Amma muna so mu tunatar da juna cewa kowane kifi yana zuwa da makaminsa, kuma wanda makamin yake samu yawanci ƙanenmu ne.

Mu fara da minjirya. Kifi ne mai santsi, ba shi da ɓawo, jikinsa da ɗige-ɗige, ga shi da kasala kamar ba zai iya komai ba. Amma a ƙarƙashin fatarsa akwai tsoka mai tara lantarki, kuma babba yakan saki abin da ya kai bolt 350. Wutar gidajenmu ba ta wuce 240 ba. Bugunsa na ɗan lokaci ne, shi ya sa ba ya kashe babban mutum, amma yana iya kayar da yaro. Larabawa suna kiransa ra'ad, kalmar da muka samo aradu daga gare ta.

A unguwarmu wani yaro ya ajiye minjirya a baho bayan ɗaki. Ƙanwarsa mai shekara 3 ta sa hannu za ta shafa shi. Ihunta muka ji. Ta faɗi da baya, kanta ya bugi turmi, sai da aka yi mata ɗinki a asibiti. Shi yayan ya san kifin, ita kuwa ba wanda ya gaya mata.

Sai ƙurungu da tarwaɗa. Ƙurungu yana da ƙaya uku, ɗaya a baya, biyu a gefe. Idan ya ji tsoro yakan miƙe su su kafe, ga su da haƙora kamar zarto, shiga da sauƙi, fita da wuya. Tarwaɗa ma tana suka da ƙayar gefenta. Gaiwa kuwa, wadda take kwana a cikin laka duk rani tana numfashi da huhu, cizo take yi.

Malaminmu na kimiyya ya ba mu labarin wani jatan lande na tekun Indiya da na Fasifik, wanda ake kira mantis. Masu kiwon kifin ado a Amurka da Ingila suna ajiye shi a akwatin gilashi mai ruwan gishiri saboda kyawun launinsa. Tsawonsa bai cika wuce tafin hannu ba, amma yana naushi da gudun mita 23 a daƙiƙa ɗaya. Da wannan naushin yake fasa ƙoƙon ƙaguwa, yana tsaga yatsan mutum, har gilashi mara kauri yakan tsage. Su da kuɗinsu da akwatinsu ba su tsira ba, balle mu da bokitin wanki.

Ruwan ma abin tsoro ne. Katantanwar tafki ita ce take ɗauke da tsutsar tsargiya, cutar da take sa fitsarin jini, kuma ta fata take shiga. Ruwan da ya kwana a buɗe gidan sauro ne. Bokiti rabi kuma ya isa ya halaka jariri mai rarrafe idan ya faɗa da ka.

Mu 'yan Kebbi ne, ba za mu ce a guji kifi ba. Tun 1934 ake bikin kamun kifi a Argungu, kuma a 2016 UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya. Amma Sarkawan da suke shiga Matan Fada da gora da homa tun suna ƙanana iyayensu suka koya musu yadda ake riƙe kowane kifi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.

Don haka ga shawararmu. Kada mu kai gida kifin da ba mu san sunansa ba, mu fara nuna wa masunci. Minjirya da gaiwa a bar su a ruwansu. Wanda zai yi kiwo ya nemi izinin iyaye, ya sa murfi mai ƙofofin iska, ya ɗora inda ƙannensa ba za su kai ba, ya riƙa canza ruwa. Idan ƙaya ta soki wani, a wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, a je asibiti a yi allurar tetanus. Kada a ɓoye ciwo don tsoron faɗa.

Allah ya tsare mu da ƙannenmu, amin.

Daga 'yan aji biyu, ƙaramar sakandare.